Ɗan Fari a Kan Gadar Igiya

Malam Sha'aibu ya dawo daga kwas ɗin da aka tura shi a duwatsun Jos da tabon igiya a tafin hannunsa, da kuma wani ra'ayi da ya hana kowa sakat a makarantar. Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da bakin mutane bai gama sabawa da kiran garin Suleja ba, tsofaffi kuwa Abuja suke ce masa abinsu. Makarantar ta kwana ce, ta maza zalla, can bayan Kwamba inda gidaje suka ƙare gonakin doya suka fara. Shi malamin labarin ƙasa ne, amma tun da ya dawo ba shi da zance sai na igiya. A ofishin malamai igiya, a bakin masallaci igiya, har sai da matarsa Azumi ta ce in ya sake kawo mata maganar igiya a kan tuwo, za ta kwance igiyar shanya ta zuba masa miya a kai.

Abin da yake faɗa dai ba shirme ba ne. Ɗaliban makarantar an tattaro su ne daga ko'ina, Hausawa da Gwarawa da Nufawa da Koro, ga 'ya'yan Yarabawa da Ibo masu kantuna a cikin gari, kuma kowa da nasa yake cin abinci, da nasa yake wanki. A ganinsa yaron da ya iya lissafi amma ba zai miƙa wa ɗan ajinsu hannu ba sai in garinsu ɗaya, ko wanda da an ce ya tsaya gaban jama'a ƙafarsa ta ɗauki rawa, rabin karatu ya yi. Maganin abin, in ji shi, a sa su a inda ba wanda zai fita sai da hannun wani. Firinsifal ya amince, ba don ya gamsu ba, sai don ya samu kunnensa ya huta. Sharaɗinsa guda ne, kada a kawo masa yaro da karaya.

Ranakun Asabar aka yi aikin, ɗalibai da kansu. Aka kafa katangar katako wadda ta fi kowane yaro tsawo, a ce rukuni guda duk su tsallake ta ba tsani. Aka haƙa rami aka rataye lilo a kansa. Amma uwar gayyar ita ce gada. Bayan filin ƙwallo akwai rafi, da manyan itatuwan maɗaci biyu, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan. A tsakaninsu aka ɗaure igiyoyi masu kauri guda uku, ɗaya ta takawa biyu na riƙewa, tsayinsu daga ƙasa ya fi na rufin ɗakin taro. Can bisa kansu aka ja wayar ƙarfe da zobe mai gudu a kanta, wanda wani maƙeri a cikin gari ya ƙera. Ta cikin zoben nan igiyar tsaro take bi, kai ɗaya a ƙugun mai hayewa, ɗaya kan a hannun 'yan rukuninsa da ke ƙasa. In ya zame, su ne za su riƙe shi.

Akwai kuma mai kira. Wannan ne abin da Malam Sha'aibu ya fi ji da shi a duk abin da ya koyo. Mai hayewa ba ya kallon ƙasa, gabansa yake kallo, kunnensa na wurin mutum ɗaya da ke yi masa magana, taka nan, saki can, numfasa. Kuma dole mai kira ya riƙa ambaton sunansa. Mutum in tsoro ya kama shi, in ji Malam, ba ya jin "kai", ba ya jin "wane", sunansa kawai ke shiga kunnensa. Ya san haka ne don shi ma ya taɓa sandarewa a tsakiyar igiya a Jos, da gemunsa da komai, har sai da wani tsohon soja ya yi ta kiran "Sha'aibu, Sha'aibu" kamar mai lallashin jinjiri, sannan ƙafarsa ta yarda ta motsa. Ƙa'idar da ya sa ita ce ɗan rukuni ko malamin rukunin ne zai fara kira, in yaro ya maƙale Malam ya karɓa. Kafin wata ya zagayo duk makaranta ta san muryar Malam Sha'aibu ba ta barin kowa a tsakiyar gada. Ya fitar da masu kuka, ya fitar da wanda ya rantse a nan zai kwana, har kukun makaranta sai da ya haye da ƙaton cikinsa.

Yaro ɗaya ne a duk makarantar da wannan murya ba ta taɓa ambaton sunansa ba, shi ne Bamalli na aji biyu, ɗan Malam Sha'aibu na fari.

Ba ƙiyayya ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Ɗan fari ne, kuma a gidajen da suka san kansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ana yaye Bamalli aka kai shi Izom wurin kakarsa Maiturare, mahaifiyar Malam, can ya girma yana kwana a bayanta. In ya zo hutu yana gani ƙannensa Lauratu da Yalwa suna hawan cinyar babansu suna ja masa gemu, shi kuwa sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe shi, a amsa masa ana kallon bango. A gida "yaron Inna" ake ce masa. A makaranta "kai" ne, ko "wancan na bakin taga". In Malam ya shiga ajinsu, monita yake miƙa wa kiran suna. Shi kansa Malam Sha'aibu ɗan fari ne, mahaifinsa ya rasu bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, kuma bai taɓa ɗaukar hakan a matsayin an rage shi da wani abu ba. Haka ya taras ana yi.

Wanda abin ya ɗaure wa kai shi ne Malam Chukwuka, ɗan bautar ƙasa da aka turo daga gabas, wanda ke taya shi aikin igiya. Saurayi ne mai fara'a, ya koyi Hausa a wurin masu tsire, don haka duk ya san zagin garin amma har yanzu mace da namiji suna cakuɗe masa a baki. Da aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, Malam Sha'aibu ya tura rukunin Bamalli gare shi ba tare da ya ce komai ba.

"Oga, wai gaskiya ne wannan Bamalli ɗanki ce?" ya tambaye shi wata rana suna duba ƙulli.

"Ɗanka za ka ce. E, yaron Inna ne."

"To me ya yi maka? Ni babana ko a kasuwa ya hango ni sai duk gari sun ji sunana."

"Bai yi komai ba. Mu ba ma kiran na fari."

"Har abada?"

Malam Sha'aibu ya ja ƙullin ya ƙara tsananta shi, ya ce rana tana yi, su ƙarasa. Chukwuka ya girgiza kai ya ce da Turancin kasuwa shi dai wannan abu ya fi ƙarfinsa.

Matsalar ita ce Bamalli ba ya son makarantar, kuma ba ya ɓoyewa. Siriri ne, maganarsa ba ta fita, in an yi masa tsawa sai idonsa ya kawo ruwa. Wani ƙaton yaro ɗan aji huɗu mai suna Ɗantala, wanda shi ne shugaban ɗakin kwanansu kuma shugaban rukuninsu, ya laƙaba masa "ɗan kaka", sunan ya bi shi har ɗakin cin abinci. Sau biyu yana guduwa. Ya fita ta bayan gonar makaranta, ya tari motar doya, sai Izom. A karo na biyu Malam Sha'aibu da kansa ya hau babur ya bi shi, ya tarar da shi a zaure yana taya kakarsa ƙulla turaren wuta, fuskarsa a sake kamar ba shi ba.

Maiturare ba ta ɗago ta kalli ɗanta ba, don ita ma ba ta kiran sunansa. Da tabarma ta yi magana.

"In bokon nan ba ya karɓarsa a bar mini shi. Ga gona, ga kasuwa. Ban raine shi don a riƙa mayar mini da shi kamar kazar da aka jiƙa ba."

"Inna, a ƙara masa haƙuri. Zai saba."

"Kowane zuwa haka ake cewa."

Ya ɗauko shi a bayan babur tun daga Izom har ƙofar makaranta. Yana jin hannun yaron ya riƙe ƙarfen kujera ta baya, bai riƙe rigarsa ba. Washegari Firinsifal ya kira shi ofis ya gaya masa a fili, albarkacinsa aka ci sau biyu, amma doka doka ce, ranar da yaron ya sake fita ba izini ya fita ke nan, akwai masu jiran gurbin. Malam Sha'aibu ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe," ya fito. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Yana son yaron nan ya yi karatu fiye da yadda yake son komai a duniya, kuma ba shi da bakin da zai gaya masa.

Katanga dai Bamalli ya tsallake ta, don jefa shi aka yi kamar buhun gero. Lilo ma ya wuce, ya faɗa rami sau ɗaya aka yi dariya. Gada ce ya ƙi. Duk ranar da rukuninsu ke da ita sai cikinsa ya yi ciwo, ko a neme shi a rasa. Chukwuka ya lallashe shi ya hau tsanin gadar har rabi, ya sauko. Ga shi an yi alkawarin duk rukunin da kowa da kowa ya haye za a kai su ganin ruwan Gurara a motar makaranta, kuma a rukunin Ɗantala mutum ɗaya ya rage. Ba sai an gaya wa kowa irin zaman da yaron yake yi a ɗakin kwana ba.

Ana gobe ranar ƙarshe ta hawan gada Chukwuka ya tare Malam a bakin aji, wannan karon ba fara'a.

"Oga, na shiga ɗakinsu duba shara. Akwatin yaronka a ɗaure yake a ƙarƙashin gado. Ya ɗaure da igiya, har bokiti ya sa a ciki."

"Na gode," in ji Malam Sha'aibu, ya shiga ajinsa ya koyar da kogunan Afirka, bai san abin da ya faɗa ba.

Asabar ɗin ƙarshen damina ce, gari ya yi luf, rafin yana da ruwa amma duwatsunsa sun fara leƙowa. Duk makaranta ta taru a bakin gaɓa, aka fito wa Firinsifal da kujera. Rukuni-rukuni suka yi ta hayewa ana tafi. Da aka zo kan na Ɗantala, sauran duk suka wuce ɗaya bayan ɗaya suka dawo ta wata gadar katako da ke can ƙasan rafin suka kama igiyar tsaro, ya rage ɗan kaka. Kowa ya zaci za a neme shi a rasa. Sai ga shi ya fito daga cikin taro, fuskarsa fara fat, ya ɗaga hannu aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Ko tsoron Ɗantala ne ya fi na gada, ko so yake ya gwada sau ɗaya kafin ya tafi, Allah kaɗai ya sani.

Ya hau tsani. Ya taka igiya. Chukwuka yana kan dandamalin ɗaya itacen yana kiransa, "Bamalli, zo, zo, kalle ni, yawwa." Ya yi ta jan ƙafa a hankali har ya kai tsakiya, inda igiyar ta fi lotsawa ta fi lilo, inda ƙarar ruwa ke tasowa sosai. A nan ya tsaya. Ya runtse ido, ya damƙe igiyoyin hannu, gwiwoyinsa suka fara kaɗawa, gadar duka ta ɗauki rawa tare da shi. Chukwuka ya kira har muryarsa ta dushe. Ɗantala ya daka masa tsawa daga ƙasa, abin ya ƙara lalacewa.

Sai kawunan mutane suka juyo wuri ɗaya. Kowa ya san ƙa'ida, in yaro ya maƙale Malam ne ke karɓa.

Malam Sha'aibu ya matsa bakin ruwa, daidai ƙarƙashin yaron ta gefe. Ya gyara murya.

"Kai," ya ce. "Buɗe idonka."

Yara uku daga cikin masu riƙe da igiya suka waiwayo, kowa ya zaci da shi ake. Na sama bai motsa ba.

"Kai yaro. Numfasa. Saki hannun dama kaɗan."

Ko gezau. Shi da bakinsa ya koya musu cewa mai tsoro ba ya jin "kai", ga shi yau yana ta jefa ta sama tana faɗowa. Yana ganin yatsun yaron sun fara gajiya, yana ganin hawaye na gangarowa ta gefen hancinsa. Ga Firinsifal a zaune, ga dattawan malamai 'yan gari waɗanda suka san gidansu, suka san mahaifinsa. Kunya ta kama shi. Amma ya san in aka sauko da yaron nan da igiya kamar kayan wanki, a gaban kowa, gobe war haka yana Izom.

"Bamalli."

Bai ma ɗaga murya sosai ba. Da wani yaro ne, da ya ji sunansa ya numfasa ya saurari abin da za a ce masa, haka ake yi kullum. Amma wannan bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba tun da aka haife shi. Ya buɗe ido firgigit, ya juyo da kansa da kafaɗarsa gaba ɗaya yana neman inda kiran ya fito, ya kalli ƙasa, abin da aka ce kada a yi. Ƙafarsa ta goce. Hannunsa ya saki.

Taron ya ɗauki salati. Zoben ƙarfe ya yi ƙara a kan waya, igiyar tsaro ta miƙe, ta fizgi yaran da ke riƙe da ita har suka yi gaba suna turjiya a cikin laka. Ɗantala ne a gaba, igiyar ta zarce a tafinsa tana cin fata, bai saki ba. Ya kafa dunduniya a jikin wani dutse yana ihu, "Ku riƙe! Wallahi duk wanda ya saki sai na ci ubansa!" Wani Bagwari da wani ɗan Ibo da ko gaisawa ba sa yi suka rungumi ƙugun juna suka zauna daɓas. Igiyar ta tsaya. Bamalli yana reto tsakanin sama da ruwa, yana juyawa a hankali. Suka sassauta kaɗan-kaɗan har ƙafarsa ta taɓa yashin gaɓa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Yaron ya kwance igiyar da kansa, bai kalli kowa ba, ya bi ta tsakiyar mutane ya nufi ɗakin kwana. Firinsifal ya tashi ya ce alhamdu lillahi ba karaya, a tashi haka. Dattawan malamai suka wuce Malam Sha'aibu suna kallon takalmansu.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Azumi ta ajiye masa abinci, ta tsaya tana gyara murfin kwano da ba abin da ya same shi.

"An ce ka kira."

"Na kira."

"A gaban mutane."

"A gaban mutane, Azumi. Kuma ni na kayar da shi."

Ita da ta haife shi ko "yaron Inna" ba ta iya faɗa sai ta sunkuyar da kai. Can ta ce, a hankali, "Ya ji ciwo?" Ya ce a'a. Ta ɗauki tulu ta fita tsakar gida, alhali randa a cike take. Abincin dai haka aka ɗauke shi. Malam ya zubar da kunyar gidansu a bainar jama'a, kuma bai sayi komai da ita ba sai faɗuwar ɗansa. Ya yi tunanin zuwa ɗakin kwanan, to ya je ya ce me? Bai san yadda ake fara magana da yaron ba.

Da safe bayan ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin hanya yana duban inda motocin doya ke wucewa. Ba kowa. Bai iya zuwa ya leƙa ƙarƙashin gadon ba, sai ya nufi rafi, wai zai duba ƙulli kamar yadda ya saba. Tun daga filin ƙwallo ya jiyo muryoyi.

Rukunin ne gaba ɗaya, da Chukwuka a cikinsu da rigar barci, da alama daga gado suka taso shi. Ɗantala ya naɗe tafukansa da tsumma. Bamalli yana tsaye a gindin maɗaci, igiya a ƙugunsa. Kusa da ƙafarsa ga akwatin ƙarfe a ɗaure tamau.

"Oga, ba ni na kira su ba," in ji Chukwuka. "Wannan Ɗantala ce ta kama shi a bayan gona da akwati."

"Ba kama shi na yi ba, Malam," in ji Ɗantala. "Hannuna na nuna masa. Na ce fatata tana jikin igiyar can saboda shi, in zai tafi wurin kakarsa ya tafi, amma ba zai bar ni da ciwon banza ba. Ya haye tukuna. Shi ya ce a kawo akwatin nan, in ya kasa daga nan sai hanya."

Malam Sha'aibu ya dubi yaron. Abin mamaki, yaron ma shi yake kallo, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam," ya ce, muryarsa na rawa amma tana fita, "jiya da na faɗo sun riƙe ni."

"Sun riƙe ka."

"Zan hau. Amma don Allah kada ka kira ni. In ka kira ni sai na waiwayo."

Malam ya gyaɗa kai, ya ja da baya ya tsaya a gindin wata ɗorawa, ya harɗe hannuwansa a baya.

Ɗantala ne ya yi kira, tunda hannunsa ba ya riƙo. Ya zagaya ta gadar katako ya hau dandamalin can, Chukwuka ya kama kan igiya tare da sauran. Kiran nasa ba irin na Malam ba ne, babu lallashi a ciki ko kaɗan. "Bamalli, taka mana! Bamalli, ni za ka kalla, munin fuskata bai ishe ka kallo ba? Yawwa. Ja ɗayar. Bamalli, in ka tsaya koko zai ƙare." Amma ɗan kaka bai fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya.

A tsakiya yaron ya sake tsayawa. Gwiwa ta fara kaɗawa, gada ta ɗauka. Malam Sha'aibu ya ji sunan ya taso masa har bakin leɓe, ya danne shi da haƙori. Shekara da shekaru yana riƙe sunan nan ba wahala, yau riƙon minti ɗaya ya nemi ya gagare shi. Yana kallo yaron ya ja numfashi, ya saki hannun dama kaɗan, ya tura ƙafa gaba. Ya sake turawa. Igiyar ta fara hawa zuwa ɗaya itacen, tafiyar ta yi sauri, Ɗantala ya miƙo damtsensa ya cafko shi ta wuyan riga ya jawo shi kan katako.

Yaran ƙasa suka saki ihu har tsuntsaye suka tashi daga rafin. Chukwuka yana tsalle da rigar barci yana yabon Allah da yarensu. Ɗantala ya kwance wa Bamalli igiya ya ce ya sauka ta tsani, shi ya fara yin gaba. Amma Bamalli bai bi shi ba. Ya rungumi jikin maɗacin da hannu ɗaya, ya juyo, ya dubi gindin ɗorawa a ƙetaren ruwa, ya tsaya. Aka ce ya sauko, bai motsa ba. Chukwuka ya ɗaga murya ya tambaye shi ko jiri yake ji, ya girgiza kai, idonsa na nan inda yake.

Sai ihun ya lafa. Malam Sha'aibu ya gane abin da ake jira. Ya saki hannuwansa, ya tako har bakin ruwa.

"Bamalli."

"Na'am," in ji yaron, da ƙarfi, har muryarsa ta haye rafin.

"Sauko ka mayar da akwatin nan ɗaki. An kusa buga ƙararrawar koko."

Yaron ya goge fuskarsa da gefen riga, ya juya ya fara saukowa.